Waiwaye Daga Marrakush: Ko Baƙo Yana da Bakin Yi wa Matattun Masaukinsa Shari'a?

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Ban musa ba, amma a ganina akwai waiwayen da ya wuce ado, wanda mutum yakan yi don ya ga abin da ya ɗauko da kuma bashin da ya bari a kansa. Irin wannan waiwaye nake so in yi a waɗannan shafuka, in kuma jefa wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu wata tambaya da ta biyo ni tun daga ƙasar Maroko. Mutumin da ya sauka a garin mutane, ya ci abincinsu, ya sha inuwarsu, sa'an nan ya tarar a cikin tarihin garin akwai zalunci babba, wanda har ya shafi nasa ɓangaren duniya, shin yana da bakin da zai yi wa kakanninsu shari'a? Ko kuwa dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, watau ya kama bakinsa ya tafi gida da yabo kaɗai?

Wata uku na yi a birnin Marrakush, daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu. Abin da ya kai ni shi ne koyon karanta tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Magariba, domin duk ɗalibin da ke son ya yi wani abin kirki a kan ajami tilas wata rana ya je ya gai da kakan ajamin. Wanda ya yi karatun allo a ƙasar Hausa ba zai ji baƙunta a gaban rubutunsu ba. Fa ɗinsu da ɗigo ɗaya a ƙasa take, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a bisa, kamar dai yadda malamin tsangaya ya koya mana, kuma da ƙira'ar Warshu suke salla.

Hunturunsu ne baƙon abu. Namu busasshe ne, mai hazo da kaushi. Nasu jiƙaƙƙe ne, domin a lokacin ne ruwan sama ke sauka musu. Da rana a sami hantsi mai daɗi, da dare kuwa sanyi ya taso daga daɓen ɗaki ya shiga ƙashi, har mutum ya gane dalilin da ya sa kowa ke yawo cikin jallabiyar ulu mai hula. In gari ya yi garau, daga kan soro ana hango duwatsun Atlas ta kudu, fari fat da ƙanƙara, ga kuma itatuwan lemo sun nuna a bakin titi. A gidan wani dattijo na sauka, tsohon malamin makaranta, wanda kowa ke ce wa Alhaji. Ran da ya ga ina karkarwa ya ɗauko jallabiyar ɗansa ya ba ni. Kowace Juma'a sai ya kira ni mun sa hannu a akushi ɗaya na kuskus, ɗan'uwan burabuskon Barebari. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san nauyin abin da ke wuyana kafin in shiga maganar da zan shiga.

A kudancin tsohon birnin akwai wani kufai da ake kira Ƙasarul Badi'i, watau fadar da ba ta da tamka. Yau ba abin da ya rage sai manyan bangayen jar ƙasa, da wani fili mai tsawon mita 135 da faɗin mita 110, da tafkin gini a tsakiya mai tsawon mita 90. A kan bangayen wasu fararen tsuntsaye 'yan'uwan shamuwa sun yi sheƙa, suna ta kaɗa baki. Wanda ya gina ta shi ne Sarki Ahmadu Almansur na gidan Sa'adiyawa. Ya hau gado cikin 1578, a filin yaƙin Wadil Makhazin, inda rundunar Maroko ta ragargaza ta Fotugal, sarakuna uku suka mutu rana ɗaya: Sebastiyan na Fotugal, da sarkin Maroko Abdulmalik, da tuɓaɓɓen sarkin da ya gayyato Turawan. Manyan Fotugal da aka kama da yawa sai da aka fanshe su da dukiya mai ɗimbin yawa. Da wannan kuɗin fansa da kuma ribar sukari, wanda Maroko ke sayar wa Turai a zamanin, aka sa harsashin fadar a wannan shekara. Marubucin tarihinsu Al'ifrani ya ce har dutsen marmara ake kawowa daga Italiya ana musayarsa da sukari, nauyi da nauyi.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba ruwan Bahaushe. Amma Almansur mutum ne mai dogon buri. Yana ganin kansa halifan Musulmi, tun da sharifi ne, kuma tun wajen 1582 ya nemi mubaya'a daga manzannin Mai Idris Aloma na Barno da suka je neman taimakon makamai. Ya daɗe yana jayayya da sarakunan Songhai a kan ma'adinin gishirin Tagaza da ke tsakiyar hamada, amma abin da idonsa ke kai shi ne zinariyar da ke bayan gishirin. A ƙarshen 1590 ya tashi runduna ta mutum wajen 4,000, yawancinsu masu bindiga, ya sa wani bawansa Judar a gaba. Suka yi fiye da wata huɗu suna keta Sahara. Cikin Maris 1591 suka gamu da Askiya Isiyaku na biyu a Tondibi, arewa da Gao. Mayaƙan Songhai sun ninka su sau da yawa, har suka koro garken shanu don su tattake baƙin, amma da bindiga ta yi tsawa sai shanun suka juyo kan masu su. A wuni ɗaya daular da ta fi kowace girma a Afirka ta Yamma ta karye, ba ta sake miƙewa ba. Cikin 1599, da Judar ya komo Marrakush, wani ɗan kasuwa mutumin Ingila da ke garin ya rubuta wa mutanensa cewa ya shigo da raƙuma 30 ɗauke da zinariya.

Abin da ya fi taɓa ni a matsayin ɗalibi shi ne abin da ya sami malaman Tumbutu. Cikin Oktoba 1593 kwamandan da ya canji Judar, Mahmudu ɗan Zarƙun, ya sa aka tara su, aka kama manyansu, aka kashe waɗansu a hanya, aka washe gidajensu. A shekarar da ta biyo aka tasa ƙeyarsu cikin mari zuwa Marrakush, har da mata da yara. Cikinsu akwai Ahmad Baba, yana ɗan shekara 37 ko 38, wanda ya faɗo daga kan raƙumi a hanya ya karye a ƙafa. Ya yi wajen shekara biyu a tsare, daga nan aka sake shi bisa sharaɗin ba zai bar garin ba. Sai ya zauna a masallacin Shurafa ya buɗe karatu, har manyan alƙalai da masu fatawa na ƙasar suka riƙa zama a gabansa. A nan ya rubuta Nailul Ibtihaj, littafin tarihin malaman mazhabar Malikiyya wanda har gobe ake dogaro da shi. Bai ga Tumbutu ba sai 1608, bayan annoba ta kashe Almansur cikin 1603.

Mutum biyu suka ba ni amsa a kan wannan tarihi, kuma amsoshinsu ne suka hana ni sakat. Na farko wani abokin karatuna ne, mutumin Gao. Ran da muka shiga Badi'i tare, ya ƙi ɗaukar hoto. Ya ce da zinariyarsu aka yi wannan wuri, kuma shi bai ga dalilin da zai biya kuɗin shiga ya kalli kayan gidansu da aka sace ba. A wurinsa maganar a fili take: su ne suka ci, mu aka ci, har yanzu kuma ba wanda ya ce a yi haƙuri. Na biyu Alhaji ne. Da na kawo masa zancen wata rana bayan la'asar, ya zuba mini shayi, ya ce, “Ɗana, zamaninsu ke nan. Kowane sarki mai ƙarfi haka yake yi, naku da namu. Sun tafi gaban wanda ya fi mu sanin abin da suka aikata. Bar matattu su huta.” Na ce, “To, Alhaji, Allah ya jiƙan musulmi.” Muka shiga wani zancen.

Ran da na baro garin, jirgin ƙasa na shiga zuwa Kasablanka, tafiyar kusan awa uku. Hunturu ya fara sakin jiki, itatuwan lauz sun yi fure, jar ƙasar Marrakush tana komawa koren alkama yayin da muke yin arewa. A cikin jirgin nan na ɗora amsoshin biyu a ma'auni, kuma abin da na samu shi ne zan shimfiɗa yanzu, don a tayar mini in da gyara.

Maganar Alhaji tana da daɗin ji, tana kuma da ladabi, amma tana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya. Cewa “zamaninsu ne” yana zama uzuri kaɗai in ya tabbata cewa a zamanin ba mai iya ganin abin a matsayin laifi. Ba a tuhumar mutumin da ya rayu kafin a san ƙwayoyin cuta don bai tafasa ruwa ba. To, amma yaƙin Songhai ba haka yake ba. Songhai ƙasar Musulmi ce, sarkinta Musulmi, kuma fiƙihun da ake karantawa a Fas shi ake karantawa a Tumbutu. Al'ifrani, wanda shi kansa mutumin Maroko ne, ya kawo labarin ranar da aka shigar da Ahmad Baba gaban sarki a cikin wannan fada ta Badi'i. Ya tarar sarkin yana magana daga bayan labule, ya ƙi cewa komai sai da aka yaye labulen, don a ganinsa magana ta bayan shamaki ba ta ɗan Adam ba ce. Sa'an nan ya tambaye shi da wace hujja aka washe masa kaya, aka ɓatar masa da littattafai, aka ɗauro shi. Ya ce littafi 1,600 aka raba shi da su, alhali kuwa shi ne mai mafi ƙarancin littattafai a danginsu. Sarki ya ce yana son haɗa kan Musulmi ne. Malam ya tambaye shi me ya hana ya fara da Turkawan Tilimsan da suka fi kusa da shi. Watau dai an riga an yi shari'ar nan tun a ran nan, a cikin zauren mai laifin, da harshensa, da littattafansa. Ni da na zo bayan shekara fiye da 400 ban kawo wani ma'auni daga waje ba.

Kuma mai shaida ba baƙo kaɗai ba ne. Bayan Sa'adiyawa sun shuɗe, Sarki Maulaya Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya ba da umurni a tattaro baƙaƙen fata na ƙasar a sa su cikin rundunarsa, wadda aka sani da Bayin Buhari saboda a kan littafin Buhari suke rantsuwa. Cikin waɗanda aka tattaro har da 'ya'ya, Musulmi, waɗanda ba a taɓa mallakar su ba. Ya nemi malaman Fas su sa hannu a kan halaccin abin. Wani daga cikinsu, Abdussalami Jassus, ya ƙi. Aka ɗaure shi, aka ƙwace dukiyarsa, daga ƙarshe aka kashe shi cikin 1709. In muka ce zamani ne ya jawo, ba wanda za a zarga, to mun mai da mutuwar wannan bawan Allah wauta ke nan, kamar ya ba da ransa a kan abin da ba kowa ya san laifi ne ba. Shi ma kakan Alhaji ne, daidai da yadda sarkin yake kakansa. Barin matattu su huta bai kamata ya zama a binne mai gaskiya da azzalumi a rami ɗaya ba.

Wannan Maulaya Isma'il ɗin kuwa shi ne ya yi wa Badi'i tsirara. Ya sa aka yi shekaru ana ɓamɓare marmara da katako da duk wani abin ado ana kaiwa sabon birninsa Miknas. Ana ba da labari cewa ran da aka gama ginin, Almansur ya tambayi wani wawan fada yadda ya ga wurin, shi kuwa ya amsa cewa in an rushe shi za a sami tulin ƙasa mai yawa. Fadar ba ta fi shekara ɗari da 'yan kai da adonta ba. Haka garin yake tun asali: Murabiɗai sun kafa shi wajen 1070, Muwahhidai suka ci shi cikin 1147 suka rushe kusan duk abin da suka tarar, in ban da wata 'yar ƙubba guda.

To, in maganar Alhaji ba ta tsaya ba, sai a ce ta abokina ta ci? Nan ma da sauran rina a kaba. Da farko, lissafinsa bai cika daidai ba, don an yi fiye da shekara goma sha biyu ana ginin fadar kafin Tondibi. Zinariyar kudu ta zo ne a ƙarshe, ta ƙara wa sarki ƙarfi da ado, amma tushen ginin kuɗin fansar Turawa ne da sukari. Wannan ƙaramin gyara ne. Babban abin da ya dame ni shi ne kalmomin nan biyu, “mu” da “su”. Su wa? Judar ɗan ƙasar Sifen ne, an kamo shi yana yaro aka rene shi a fada, shi ma bawa ne da aka aika ya bautar da wasu. Yawancin 'yan bindigarsa ko dai Andalusawa ne da aka koro daga ƙasarsu, ko Turawan da suka musulunta a hannun masu su. Da yawansu ba su koma ba. Suka auri matan ƙasar, jikokinsu su ne Arma, waɗanda har yau suke Tumbutu da Gao, Songhanci suke yi, kuma ba mamaki abokina yana da dangi cikinsu. Jikokin waɗanda aka kora arewa cikin ƙarnoni kuwa, ga su nan a dandalin Jami'ul Fana kowace yamma, 'yan Ginawa, da gurminsu mai tsirkiya uku da sambanin ƙarfe, suna ambaton Bambara da Fulani da Hausawa a cikin waƙoƙinsu, amma 'yan Maroko ne na haƙiƙa, ba su san wata ƙasa ba. In za a biya diyya yau, wa zai ba wa?

Sa'an nan ita Songhai ɗin ba da addu'a ta yi girma ba. Sonni Ali ya ci Tumbutu wajen 1468, ya wulaƙanta malamanta tun kafin wani Bamagaribe ya yi. Askiya Muhammadu ya kai yaƙi har Agadas, kuma a kan rabon ganimar wannan yaƙi ne Kanta na Kabi ya ɓalle masa wajen 1516. Bayan Tondibi, da Askiya Isiyaku ya nemi sulhu, abin da ya yi wa Judar tayi shi ne miskali 100,000 na zinariya da bayi 1,000 don a janye. Almansur ya raina tayin. Ni kuwa a kan mutum dubun nan hankalina yakan tsaya. Sarkin da ya ci da sarkin da aka ci duka sun yarda cewa su kuɗi ne, jayayyarsu a kan yawa ce kawai. Ba marubucin da ya ajiye mana sunan ko ɗaya.

Wanda ya ƙarasa rushe mini “mu” ɗin nan shi ne Ahmad Baba da kansa. Cikin 1615, bayan ya koma gida, mutanen Tuwat suka aiko masa da tambaya a kan bayin da ake kawo musu daga kudu: wane ne ya halatta a saya? Amsarsa ita ce ɗan littafin nan Mi'irajus Su'ud. A ciki ya ƙaryata masu cewa baƙar fata alamar bauta ce saboda wai la'anar da ta bi Hamu ɗan Annabi Nuhu. Ya ce launi ba ya sa mutum ya zama bawa. Ya lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne tun da daɗewa, waɗanda bai halatta a mallake su ba, cikinsu har da Barno da Kano da Katsina da Gobir da Songhai. Ya ce in bawa ya yi da'awar shi ɗa ne daga irin waɗannan ƙasashe, to mai shi ne zai kawo hujja. Amma ya kuma bayyana yadda aka yi 'ya'yan Musulmi suke faɗawa kasuwa: sarakunan ƙasashen ne ke kai wa juna hari su sayar da wanda suka kama, kuma misalin da ya kawo shi ne Katsina da Kano, masu harshe ɗaya da addini ɗaya.

Jama'a, wannan ba Bature ne ya rubuta ba. Malami ne da ke kare mu, kuma cikin kariyar ya nuna hannun da ya miƙa mu. A Marrakush an nuna mini wurin da ake gwanjon bayi kusa da Rahba Ƙadima, inda yanzu ake cinikin darduma, aka ce ba a daina ba sai da Faransawa suka shigo cikin 1912. Mu kuma a kasuwar Kurmi an yi wannan ciniki har zuwan Ingilishi cikin 1903, kuma doka ba ta soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Hanyar da ta kai jar fatar akuyar Sakkwato har Turai, inda ake kiranta fatar Maroko, ita ce ta kai mutane. Laifi tudu ne. Bahaushen da ya tsaya a Badi'i yana nuna yatsa, in dai zai yi gaskiya, sai ya tuna ayarin daga wace ƙofa ya tashi.

Kada a ɗauka ina cewa tun da kowa ya yi, to ba wanda ya yi. Wannan ai komawa ce ga maganar Alhaji ta bayan gida. Abin da nake cewa shi ne shari'ar tana hawa kan aiki da mai aikin. Almansur ya zalunci Tumbutu, Sarkin Katsina da ya sayar da Bakano ya zalunce shi, kuma laifin ɗaya bai rage wa ɗayan ko ƙwayar gero ba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɗauki al'umma sukutum a sa ta a layin masu ƙara, a sa wata a layin waɗanda ake ƙara, don layin da ya raba mai ci da wanda ake ci ta tsakiyar kowane gari ya ratsa. Alhaji bai ci Tumbutu ba, ba ya kuma ɗauke da zunubin wanda ya ci. Sai dai akwai wani abu da muka sani a fiƙihun gado: ba a raba dukiyar mamaci sai an biya bashinsa. Wanda ya ce Almansur namu ne, dubi abin da muka gina, ya karɓi gado ke nan, kuma bashin da ya biyo gadon shi ne ya faɗi sauran labarin. Haka wanda ke alfahari da arzikin Kano ta da.

Akwai wani wuri mai wuya da ba zan tsallake ba, ko da yake na so. Shi Ahmad Baba, bayan ya lissafa waɗanda ba a bautarwa, ya kuma lissafa waɗanda a ganinsa ya halatta a bautar saboda ba Musulmi ba ne, cikinsu har da Mosawa da Gurmawa da Yarbawa. Mutumin da ya ɗanɗani mari a ƙafarsa bai ce a karya mari ba, ya dai ce a duba ƙafar da za a sa wa. Ina zaune aji ɗaya da jikokin mutanen da ya ambata. In na yi amfani da shi na kama Almansur, da wane ido zan dube su in ce shi kuma zamaninsa ne? Iyakar abin da zan iya cewa shi ne akwai bambanci tsakanin wanda ya take dokar da ya sani don kwaɗayi, da wanda ya tura dokar zamaninsa iyakar inda ya ga za ta iya zuwa, ya tsaya. Na farko ya rufe ido ne da gangan. Na biyu ya hango nesa fiye da maƙwabtansa, amma ganinsa ya ƙare a wani wuri. Wannan bambanci yana da amfani wajen auna mutumin. Ga Bamoshen da aka kama aka kai Tuwat da izinin fatawar, ban ga abin da ya rage masa ba. Kuma yana sa ni tunanin wane jerin sunaye ne mu ma muke riƙe da shi yau cikin natsuwa, muna ganin adalci ne.

Saura batun kyau, wanda abokina ya ƙi ɗauka a hoto. A wani ɗaki cikin kufan an ajiye tsohon mumbarin masallacin Kutubiyya, wanda aka fara sassaƙawa a Ƙurɗuba ta Andalus cikin 1137, da dubban 'yan gutattakin katako masu launi da aka jera kamar saƙa. Na daɗe a gabansa. Sarki ne ya yi odarsa, kuma ba na shakkar cewa dukiyar wannan sarkin ma in an tona za a ji wari. Amma hannun da ya yi aikin na masassaƙi ne, wanda ya ƙare ganinsa a kai, kuma yabon da ya fito mini shi na yi wa. Ban ga cewa runtse ido daga aikin magini yana rama wa wanda aka zalunta komai ba. Abin da nake ƙi shi ne kyau ya zama toshiyar baki, a nuna maka tafki da lemo don kada ka tambayi ina mutanen da aka kawo cikin mari suka kwana.

Game da ladan kuturu kuwa, ga inda na tsaya. Jallabiyar da kuskus bashi ne na gaske, amma Alhaji nake bi da shi, mai rai, kuma da mutunci da addu'a da kyakkyawan ambato ake biyansa. Almansur bai ciyar da ni ba. Sharaɗi ɗaya na ɗora wa kaina: kada in rubuta a nan abin da ba zan iya faɗa a zauren Alhaji ba, kuma kada in ambaci Rahba Ƙadima in manta da Kurmi. An ce baƙo makahon gari ne, kuma gaskiya ne wata uku ba ya isa a san gari. Sai dai wani lokaci ɗan gari yakan saba da abu har ya daina ganinsa, ya zama sai wanda ya zo jiya ne zai yi tuntuɓe da shi.

Shi ma Ahmad Baba baƙon Marrakush ne, na shekara goma sha uku ko fiye, ko da yake ba da son ransa ya je ba. Bai hana mutanen garin iliminsa ba, ya karantar da su iyakar ƙarfinsa, ya yi abokai, an girmama shi. Da Maulaya Zaidan ɗan Almansur ya ba shi izinin tafiya, manyan ɗalibansa suka raka shi bayan gari. Al'ifrani ya ce ɗaya daga cikinsu ya kama hannunsa ya karanta masa ayar da aka saba karanta wa matafiyi don fatan ya komo lafiya. Malam ya fizge hannunsa, ya roƙi Allah kada ya sake maido shi wannan ƙasa, sa'an nan ya yi musu sallama ya kama hanyar hamada.